Ranar da Juma'a ke Faɗowa Kan Kasuwa

Ba a daɗe da idar da sallar isha'i ba Badamasi ya ji ƙarar. Ba kukan tsuntsu ba ce, kuma ba ƙarfe ake gogawa ba. Wani abu ne yake cewa ƙirrr, ya tsaya kamar ya shaƙe, can ya sake cewa ƙirrr. Ta bayan katangar ɗakin baƙi take zuwa, a gidan Malam Muhammad Awwal, cikin Djougou.

Ya ɗauka gyare ne. Amma gyaren da ya sani ba ya hutawa haka, kuma ba ya tari. Shi kuwa tun yana ƙarami, in ya ji abin da bai gane ba, zama ba ya yi masa daɗi. Ya rufe kwamfutarsa, ya zura takalmi ya zagaya.

A zauren maƙwabta ƙwan lantarki ɗaya ne a rataye. Ƙarƙashinsa wata budurwa tana zaune a kan buhun gishiri, ta ɗora wata 'yar na'ura a cinya. Na'urar nan ce da ake buga wa mai saye faktir da ita, takardar da ke nuna abin da ya saya da harajin TVA da ke kansa. Tana dannawa, takarda tana fitowa fara fat, ba ko ɗigon rubutu. Ta tara kusan kamu biyar a ƙasa, har sun naɗe mata ƙafa.

Ya yi sallama daga bakin ƙofa. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Na ɗauka gyare ne," in ji shi.

"Gyaren ne. Tun magariba yake kuka bai faɗi komai ba."

Ya miƙa hannu, ta ba shi. Ya buɗe murfin, ya juya naɗin takardar, ya mayar.

"Fuska ɗaya gare ta, an sa ta ta baya. Ba tawada a ciki, zafi ne ke yin rubutun."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Idanunta manya ne, masu kama da na wanda yake riƙe dariya.

"In zafi ke rubutu, da watan Maris duk Djougou ta zama littafi."

Ta danna. Ƙirrr. Rubutu ya fito baƙi: gishiri, buhu ɗaya. Ta yage ta miƙa masa.

"Ladanka. Amma kada ka dogara da ita, wata uku rubutun ke gogewa."

Ya koma ɗaki da takardar a aljihu. Sai da ya kwanta ya tuna bai tambayi sunanta ba.

Sunanta Mubaraka, 'yar Alhaji Iliya mai sarin gishiri da sukari da sabulu a babbar kasuwa. Matar Malam ce ta faɗa masa da safe, tana ajiye masa koko. Ta ce ita kaɗai Allah ya ba Alhajin, uwarta Hindou ta rasu tun tana shekara takwas, kuma bai sake aure ba.

Badamasi shi ma ba shi da kowa kusa. Iyayensa sun rasu, 'yan uwansa mata duk aure ya kai su nesa. A Kpébié yake, cikin Parakou, ɗaki ɗaya da fanka mai karkatacciyar wuya. Yakan yi kwana biyu bai yi magana da kowa ba sai mai sakwara da ladan. Malam Awwal aminin mahaifinsa ne, shi ya sa yake sauka a gidansa.

Abin da ya kawo shi Djougou aiki ne. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta gaji da ɗigar rumfuna da kwatar da ke toshewa kowace damina. Suna so su je gaban hukuma da hujja, su nuna yawan harajin da ke bi ta hannunsu. Sai suka yarda kowa ya ba da kwafin faktir ɗinsa na shekara biyu, a nemo mai ilimin kwamfuta ya mayar da su abin da ido zai gani. Aka samo Badamasi.

Manhaja yake ginawa, wadda za a buɗe a waya ko a kwamfuta ta intanet. Taswirar kasuwa ce, kowane shago ɗigo ɗaya. In ka taɓa ɗigon, layi ya fito yana hawa yana sauka, mako bayan mako, yana nuna harajin da shagon ya tara. Shi a wurinsa abin ya fi aiki. Yakan zauna yana kallon ɗigogin nan kamar mai kallon garin da ya hango daga kan dutse, kowane gida da fitilarsa, shi kuma yana waje.

Kwana uku ya yi a Djougou yana bin shaguna. Na Alhaji Iliya, sau huɗu ya je, alhali sau ɗaya ya isa. Mubaraka ce ke riƙe da na'urar da littattafan shagon. Ranar da zai tafi ta rubuta masa lambarta a bayan wata faktir.

"Ko da gyaren zai sake shaƙewa," in ji ta.

Bai shaƙe ba. Amma motarsu ba ta wuce kilomita goma ba ya rubuta mata.

"Bonsoir Gyare. Muna hanya. An ɗora mini kaji uku a ƙafa."

"Mai Taswira, ka gaishe su. Wa ya ba ka izinin kira na Gyare?"

"Kunnena. Shi ya fara sanin ki kafin idona."

Sai da suka kusa Parakou amsa ta zo.

"To na yafe wa kunnen."

Daga nan kullum sai sun yi. Yakan aika mata hoton abin da ya zana, ta yi masa ba'a.

"Wannan layin kamar tafiyar akuyar da ta ci dusar giya."

"Kasuwarku ce haka. Ta Parakou tana tafiya sumul. Taku mako uku a sama, na huɗu ta faɗi. Na rasa dalili."

"Ka ci abinci?"

"Na sha shayi."

"Ban tambaye ka abin da ka sha ba. Tashi ka nemi abinci, kasuwar ba za ta gudu ba."

Ya tashi ya fita. Mai sakwara ta yi mamakin ganin yana murmushi shi kaɗai.

Bayan wata biyu ya sami Malam Awwal ya faɗa masa abin da ke ransa. Malam ya yi murna, ya sa babbar riga ya shiga maƙwabta. Bai daɗe ba ya dawo, ya zauna yana gyara hula.

"Ya ce me, Baba?"

"Ya ce mutumin da ba ya saye ba ya sayarwa, sai leƙen cinikin mutane, bai san sunan sana'arsa ba. Ya ce ɗan haraji ne kai."

"Ni ba ma'aikacin haraji ba ne. Ƙungiyarsu nake yi wa aiki."

"Na faɗa masa. Ya ce zai duba. Iliya ba mugu ba ne, rufaffen mutum ne. Kuma ka sani, ba kai kaɗai ke nema ba. Zulkifli ya riga ka aiko da manya."

Badamasi ya san Zulkifli. Shi ne sakataren ƙungiya, ɗan mai sayar da siminti, mai mota fara da turare mai shiga ɗaki kafin shi. Shi ke karɓar rahoton aikin duk ƙarshen wata.

Akwai wani abu da Badamasi ya saka a manhajar don kansa. Duk shagon da layinsa ya zauna ƙasa a makon da na maƙwabtansa suka tashi, ɗigonsa ya koma ja. Nufinsa ya san inda zai sake dubawa, ko wata takarda ce ta ɓace. A duk kasuwar Djougou ɗigo ɗaya ne yake komawa ja kowane wata, ba fashi. Na Alhaji Iliya.

Ya yi niyyar tambayar Mubaraka. Ya ji nauyi, ya ce sai sun haɗu. Ana cikin haka Zulkifli ya ce a turo masa abin da aka yi ya gwada a wayarsa. Badamasi ya tura, ya manta da jan ɗigon.

Ranar Lahadi ƙungiya ta yi taro. Zulkifli ya aro na'urar haska bango, ya buɗe taswirar gaban mutum sittin. Duk ɗigogi kore, ɗaya ja kamar gauta ta nuna. Ya taɓa shi, suna ya fito da manyan baƙaƙe.

"Ni ban ce komai ba," in ji Zulkifli. "Kwamfuta ce ta ce a duba."

Wani daga baya ya ce ai kuwa yakan ga Alhaji wani lokaci ya rufe shago ranar kasuwa, ya ɗaure kaya a babur ya bar gari. Wani ya ce ƙila ƙauye yake kaiwa ya sayar ba faktir. Kafin la'asar maganar ta gama zaga rumfuna. Mutumin da ya yi shekara talatin ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba, ya wayi gari ana nuna shi da baki.

Alhaji Iliya ya miƙe. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Badamasi yana Parakou bai san abin da ake ciki ba, sai saƙon Mubaraka ya shigo.

"Ka sa wa Baba ja a gaban mutane. Bai ci abinci ba tun jiya. Ya ce kada in sake magana da kai, kuma zan bi maganarsa. Ban san ko da gangan ka yi ba, zuciyata ta ce a'a. Abu ɗaya zan faɗa maka, Mai Taswira. Mu nan ba mako muke ƙirgawa ba, kasuwa muke ƙirgawa. Allah ya sa mu ga alheri."

Ya kira, wayar a kashe. Ya rubuta saƙo bakwai, babu wanda ya shiga.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da suna a wurinsa. Fanka tana juyawa, manyan motocin dakon kashu suna wucewa a titi, shi yana zaune. Ya ciro faktir ɗin farko daga cikin littafi. Gaskiyarta, rubutun ya fara gogewa. Kalmar gishiri ta tafi, saura buhu ɗaya, shi ma ya yi toka-toka.

Rana ta huɗu ya sake karanta saƙon, ya tsaya a kan maganar ƙarshe. Kasuwar Parakou da ya tashi a cikinta kullum take ci, shi ya sa ya yanka lokaci bakwai-bakwai kamar yadda aka koya masa a jami'a. Ta Djougou kuwa bayan kwana huɗu-huɗu take cika. Litinin, sai Juma'a, sai Talata, sai Asabar, tana zagaya mako kamar mai neman wurin zama. Mako uku suna samun kasuwa biyu, na huɗu ɗaya tak. Akuyar ba ta ci dusar giya ba. Shi ne ya auna ta da sandar wani gari.

Ya warware aikin tun daga tushe. Ya cire mako, ya sa ranar kasuwa a madadinsa. Ya yini a kai, ya kwana, ya sake yini. Da ya buɗe taswirar, layukan Djougou suka miƙe, suna hawa da kaka suna sauka da damina, kamar numfashin mai barci.

Ya taɓa ɗigon Alhaji Iliya. Layinsa ya fi na kowa daidaito. Kasuwa shida a cike, ta bakwai babu komai. Shida a cike, ta bakwai babu komai. Ya duba ranakun ɗaya bayan ɗaya. Duk Juma'a ce. Sau ɗaya a kwana ashirin da takwas kasuwa ke faɗowa kan Juma'a, ranar da mutanen ƙauye ke haɗa ciniki da masallaci, ranar da kowane ɗan kasuwa ke jira. Ita ce ranar da Alhaji ba ya sayar da ko ƙwayar ashana.

Mai ɓoye ciniki ba ya bin kalanda haka. Badamasi ya daɗe yana kallon ramukan nan guda ashirin da shida, a jere kamar sawun mutum ɗaya a kan hanya ɗaya.

Da safe ya shiga motar Djougou.

Malam Awwal ya kalli zanen, ya sa aka ƙara masa girma, ya sake kallo. Ya cire tabarau.

"Ni na sallaci matarsa Hindou," in ji shi. "Juma'a ce, ranar kasuwa. A Sérou aka binne ta, garin uwarta. Abin da ya rage ba nawa ba ne da zan faɗa."

"Baba, in na nuna wannan a taro, na wanke shi."

"Za ka wanke shi. Kai ma za ka wanku, a ce yaron nan gwani ne." Malam ya mayar da tabarau cikin kube. "Shekara goma sha biyar yana rufe abin nan, ko ni bai taɓa yi mini zancensa ba."

Badamasi ya roƙi shugabannin ƙungiya su sake kiran taro. Suka kira. Alhaji Iliya ya zo don Malam ya matsa masa, ya zauna can baya kusa da ƙofa.

Badamasi ya miƙe.

"Iyayena, kuskuren nawa ne. Na ƙirga kasuwarku da makon Parakou, sai lissafi ya karkace. Jan ɗigon da kuka gani alama ce da na sa wa kaina, ba hukunci ba ne a kan kowa. Na bar ta ta fita, na ɓata sunan dattijo. Ina neman gafararsa a gabanku."

Ya haska sabuwar taswirar. Babu ɗigon shago ko ɗaya, babu sunan kowa. Ya haɗa su layi-layi: layin masu gishiri da sukari, layin masu atamfa, layin masu kayan gini. Ya nuna musu abin da kowane layi ke tarawa, da yadda yake raguwa duk lokacin da ruwa ya cika kwata. Tsofaffi suka matso suna nuna layinsu da yatsa.

Zulkifli ya ɗaga hannu.

"Mun ji, malam injiniya. Amma ramin da ke shagon Alhaji fa? Ko shi ma makon Parakou ne? Buɗe mana shi mu gani."

"Na cire."

"Mu muka biya ka. Mayar."

"Kun ɗauke ni in nuna abin da kasuwa ke bayarwa, ga shi. Na bi takardun Alhaji ɗaya bayan ɗaya, kayan da ya saro da waɗanda ya sayar sun yi daidai, ban ga inda ya ɓoye ko sabulu ɗaya ba. Ranar da mutum ya rufe shagonsa kuwa, mabuɗinsa ne."

"Wato ka san dalili kana ɓoyewa. Ko don kana neman 'yarsa ne?"

Aka yi 'yar dariya. Badamasi ya juya wajen Zulkifli.

"Ina nemanta, kowa ya sani. Ya kuma hana ni, wannan ma kowa ya sani. Ko ya ba ni ko bai ba ni ba, ba zan buɗe ba."

Taron ya watse da gardama. Wasu suka ce yaron ya yi daidai, wasu suka ce akwai lauje a ciki. Zulkifli ya sa aka karɓe sauran aikin daga hannunsa aka ba wani a Cotonou. Da Badamasi ya waiga wajen ƙofa, Alhaji ya riga ya tafi.

Ya koma Kpébié ba aiki, ba saƙo. Kwana goma sha tara. Yana ƙirga su huɗu-huɗu yanzu, bai san lokacin da ya fara ba. In ya farka sai ya ce yau kasuwa, tana can tana danna gyarenta.

Ranar Laraba Malam ya kira shi.

"Iliya ya ce ka zo gobe ka kwana. Jibi da sassafe yana son ganin ka."

Jibi Juma'a ce. Badamasi bai buƙaci duba kalanda ba.

Ya tarar da Alhaji a ƙofar gida yana ɗaure ƙunshi a bayan babur. Sukari ne, da sabulu, da ɗan goro a ganye. Mutane suna ta kwarara kasuwa da kaya a ka. Badamasi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Hau," in ji Alhaji.

Suka bar kwalta suka hau jar hanya. Gonakin doya suna wucewa, tudu bayan tudu. Sun yi nisa kafin Alhaji ya yi magana, bai juyo ba, iska tana kwashe rabin muryarsa.

"Me ka gani a na'urar taka?"

"Na ga kasuwa shida a buɗe, ta bakwai a rufe. Duk Juma'a."

"Wa ka faɗa wa?"

"Baba Malam kaɗai."

"Da ka faɗa a taro, da ba su kore ka ba."

"Ba nawa ba ne, Alhaji."

Babur ya faɗa rami ya fita.

"Hindou tana wurin uwarta tana jinya," in ji Alhaji. "Aka aiko da hantsi cewa jikin ya tashi. Shago cike da mutane, har waje. Na ce wa ɗan aiken, in na sallami waɗannan ina zuwa. Na sallame su, wasu suka zo. Na iso bayan la'asar." Ya rage gudu. "An ce ta tambaya sau biyu ko na iso."

Badamasi ya gyara zama. Ya riƙe ƙunshin da ke neman zamewa.

A Sérou suka fara zuwa maƙabarta, suka yi addu'a a tsaye. Daga nan suka shiga wani gida mai katangar ƙasa. Wata tsohuwa tana zaune a kan tabarma, idanunta sun yi fari. Hajo ke nan, uwar Hindou. Ta ji takunsu ta ɗaga kai.

"Iliya, yau ku biyu ne. Wannan takun ba na garin nan ba ne."

"Baƙo ne daga Parakou, Inna."

"Shekara goma sha biyar ba ka taɓa kawo mini baƙo ba." Ta miƙa hannu. "Matso in gan ka."

Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta kama kunnensa ta ja.

"Ba ya cin abinci. Me yake yi?"

Alhaji ya dubi Badamasi.

"Yana ganin abu ya yi shiru."

"Sana'a ce mai wuya," in ji Hajo. "Mubaraka kake so ka ba shi?"

"Na zo in ji bakinki."

"To a ba shi, amma a fara ba shi tuwo."

Suka yi sallar Juma'a a ƙauyen, suka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa, suka kamo hanya. Da yamma, yana ɗakin baƙi na gidan Malam, sai ya ji ta bayan katanga. Ƙirrr. Ta tsaya. Ƙirrr. Wayarsa ta yi haske.

"Mai Taswira, Baba ya mayar mini da waya. Ka ji gyaren?"

"Na ji. Me yake cewa?"

"Yana cewa ka rame."

"Kakarki ta riga shi faɗa. Gyarena, akwai abin da na sani game da Baba wanda ba zan iya faɗa miki ba. Kada ki ji haushi."

"Wa kake tsammani yake ɗaure sukarin nan duk wata? Tun ina shekara goma sha biyu na gane. Shi bai san na sani ba. Yanzu mun zama mu biyu."

Ya karanta sau uku. Ya kifa wayar a ƙirji ya daɗe a haka.

Malam Awwal ya tsaya masa a matsayin uba. Masu atamfa da suka ga amfanin taswirar suka kira shi ya yi musu tasu, daga baya masu kayan gini na Parakou suka biyo. Da aka zo sa rana, Malam ya kawo Asabar, dangi suka kawo Lahadi. Alhaji ya ce a'a. Ya ƙirga da yatsunsa ya faɗi ranar da yake so, Juma'a ce ta bayan kaka. Malam ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya kai mu.

Ran nan da asuba Alhaji ya ɗauki shatar mota zuwa Sérou. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, sannan ya ɗauko Hajo ya kawo ta Djougou, karo na farko tun rasuwar 'yarta. Aka ɗaura aure bayan an sauko daga masallaci. Aka raba goro da dabino, maroƙi ya yi ta faɗin sunayen kakanni har muryarsa ta dushe. Zulkifli ma ya zo, ya yi musabaha ya tafi da wuri.

Da la'asar aka fito da amarya tsakar gida kafin motar Parakou ta tashi. Aka kira ango ya durƙusa gefenta. Hajo ta lalubo kawunansu ta dafa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku masu yi muku addu'a. In ɗayanku ya kira, Allah ya sa ɗayan ya iso da wuri."

Aka ce amin. Alhaji yana tsaye jikin ƙofa, ya ce tasa amin ɗin a hankali bayan ta kowa.

Mubaraka ta zuro hannu ta ƙarƙashin mayafi ta saka wa Badamasi wata 'yar takarda a tafi. Faktir ce, sabuwa, da ɗuminta. A wurin sunan kaya an buga: gyare, ɗaya. A ƙasa ta rubuta da biro, wanda ba ya gogewa: ba a mayarwa.

Inna Turai, maƙwabciyarsu mai sayar da wagashi, cukun madarar shanu, tana zaune kan turmi tana fifita da murfin kwano. Tun safe take cikin hidima, kayanta suna gida ba ta fitar ba. Daga can ana jiyo hayaniyar kasuwa tana tashi kamar ruwan sama a kan kwano.

"Allah ya sa albarka, aure ya yi kyau," in ji ta. "Amma ni wani abu ya ɗaure mini kai. Duk kwanakin Allah da ke cikin wata, me ya sa Alhaji bai ga ranar aurar da 'ya ba sai ranar da Juma'a ta faɗo kan kasuwa?"

Malam Awwal ya ɓare goro. Badamasi ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Hajo ta juya fuskarta wajen ƙofa, inda surukinta yake tsaye, ta miƙa masa hannu ya zo ya tashe ta.